Sunan da Aka Rubuta a Shinkafa

A garinmu Nirwadi, malaman makaranta ake ɗora wa gyaran rajistar masu zaɓe, kamar yadda ake ɗora musu ƙidayar shanu da rabon maganin tsutsar ciki. Shekara shida ke nan Kalindi Shelar tana riƙe da rajistar mazaɓa ta tara, wato Unguwar Bakin Kogi da layin masu gina tukwane. Aikin ba shi da wuya. Wanda ya mutu a soke shi, wanda ya cika shekara sha takwas a shigar da shi. In wani ya kai ƙorafi a kan wani suna, sai ta taka da ƙafarta har gidan mai sunan, ta gani da idonta, sannan ta sa hannu. Ƙorafin bai taɓa wuce uku ko huɗu a shekara ba.

Bana Rangrao ya kawo mata ɗari da arba'in da uku, a ɗaure da zare.

Rangrao shi ne shugaban kwamitin makarantar, shi ne kuma jagoran Jam'iyyar Tushen Ƙasa a garin. Kowa Anna yake ce masa, wato babban wa. Shekara biyu da jam'iyyarsu ta hau mulkin jiha, kuma a shekara biyun nan an ɗauke alƙalin da ya hana su rushe kasuwar kifi, an kai shi wani gari. Jaridar garin ta daina buga komai sai hotunan biki da farashin albasa. Manyanmu suna zaune a shagon shayi suna cewa siyasa ce, za ta wuce, sun ga waɗanda suka fi waɗannan zafi. Majalisar gari ce kaɗai ta rage ba ta shiga hannun 'yan Tushe ba, kuma kujera ɗaya tak suke nema su yi rinjaye.

Ya same ta a ofishin malamai lokacin abincin rana, ta buɗe gurasar dawa da miyar wake.

"Ci abincinki, Bai, ba sauri nake ba," in ji shi, da sunan da ake kiran malama mace. Ya aje ƙunshin kusa da kwanonta.

Ta goge hannu ta buɗe. Ta duba na farko, ta duba na goma, ta duba na can ƙasa.

"Anna, ai duk rubutun mutum ɗaya ne."

"Mutanenmu ba su iya rubutu mai kyau ba, sai suka sami mai taimaka musu. Ke da kike koyarwa, laifi ne a taimaki wanda bai iya ba?"

Ƙorafin ma iri ɗaya ne: sunan da ke rajista bai dace da na takardar haihuwa ba, ana zargin mai sunan baƙuwa ce da aka cusa. Kuma dukkansu mata ne, dukkansu 'yan Bakin Kogi.

Kalindi ba ta buƙaci a gaya mata dalili ba. A al'adarmu, ranar aure ana kawo faranti cike da ɗanyar shinkafa, ango ya zare zobensa ya rubuta wa amarya sabon suna a kai, dangi su leƙa su karanta, a yi tafi. Daga ranar ta bar sunan gidan ubanta. Shinkafar kuwa sai a juye ta a tukunya. Duk matar da ta haura arba'in a garin nan suna biyu gare ta, ɗaya a littafin haihuwa, ɗaya a bakin mutane.

"Ai matarka ma haka take, Anna. Da mahaifiyarka."

Ya yi dariya har da buga cinya.

"To wa ya kai ƙorafi a kansu? In ke za ki kai, ga fom nan da yawa." Ya miƙe, ya gyara hularsa. Sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Af, na manta. An ce mu ba da sunan malami ɗaya da za a tura makarantar kan dutse. Awa shida a mota, kuma babu likita. Yaya 'yar tamu Mukta, ƙirjin ya saki?"

"Da sauƙi, Anna."

"Allah ya ƙara sauƙi. Kwana goma aka ba ki, ko?"

Kwana tara ƙunshin yana cikin jakarta. Kullum in an tashi makaranta takan ce yau za ta gangara Bakin Kogi, kullum kuma sai ta sami dalili: rana ta yi zafi, matan suna gonar rake, 'yarta Mukta tana tari. Ran Lahadi da hantsi, mijinta Subhash ya tafi garejin da yake gyaran motoci, ta baje takardun a tabarma. A ƙasan kowace akwai layi biyu, mutum ya zaɓi ɗaya. Na farko: na je gidan, na tabbatar da mai sunan. Na biyu: na je gidan, mai sunan ba ta iya nuna shaidar cewa ita ce ba.

Ta zaɓi na biyu, ta sa hannu. Ta ɗauki wata. Da ta yi ashirin hannunta ya saba.

A ta tamanin da takwas ta tsaya. Parubai Sonawane.

Parubai ba 'yar uwarta ba ce ta jini, amma Maushi take ce mata, kamar ƙanwar uwa. Lokacin da uban Kalindi ya so cire ta daga makaranta tana aji bakwai, Parubai ce ta zauna a ƙofar gidansu tun safe har la'asar, tana ɓare gyaɗa tana zaginsa a hankali, har ya gaji ya janye. Ranar auren Kalindi kuma, da aka kawo farantin shinkafa, ita ce ta sunkuya a kunnen Subhash ta ce, "Rubuta sunan da ta zo da shi, in ba haka ba zoben nan zan sa ka haɗiye." Shi ya sa takardun Kalindi duk suna ɗaya ne a kansu. Sau uku Bakin Kogi suna zaɓen Parubai ta wakilce su a majalisar gari, bana ma ita za su tsayar.

Kalindi ta daɗe da biro a hannu. Ta ce a ranta, wa zai iya soke Maushi? Karen garin nan ma ya san ta. Ni ba sokewa nake yi ba, rahoto kawai nake bayarwa. Akwai magatakarda a sama da ni, akwai jami'i a sama da shi, akwai ɗaukaka ƙara. Wani zai gani ya gyara. In kuma na tsallake ta ita kaɗai, Anna zai lura.

Ta sa hannu.

Magatakardan da ya karɓi ƙunshin ya ce ai malamar ta je gida gida, shi kwafa kawai yake yi. Jami'in da ke samansa ya ce ai magatakarda ya duba. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa ɗaga wa wani hannu, babu wanda ya ƙona akwatin zaɓe, dukkansu mutanen kirki ne masu zuwa aiki a kan lokaci. Haka aka manna sabuwar rajista a bangon majalisa, ta rage suna ɗari da arba'in da uku.

Bayan kwana biyu, da yamma, Kalindi tana tsince shinkafa a tsakar gida ta ji ana ƙwala mata kira tun daga titi.

"Ke Kalindi! Fito da tabaranki da bironki!"

Parubai ta shigo tana haki, ta zauna a kan turmi ba a ce mata ta zauna ba. Ta zaro wata takarda daga ƙugunta.

"Kin ji abin da aka yi mini? Na je shigar da takardar takara, wani mai gashin baki kamar jelar ɓera ya ce wai ba na cikin rajista. Na ce duba da kyau, ɗana, ni na sa aka gina banɗakin da kake shiga. Ya ce wai babu wata Parubai da aka haifa a ƙasar nan, Gojar aka haifa. Na ce to ai ni ce Gojar! Ya ce kawo shaida."

"Maushi..."

"Shaida! Marigayi mijina ya rubuta sunan a shinkafa shekara arba'in da huɗu da suka wuce, aka dafa, uban wannan yaron ma yana cikin waɗanda suka ci har da neman ƙari. In shaida suke so su je su tambayi cikinsu." Ta yi dariya, ta miƙa takardar. "Cike mini wannan. Sun ce a kai hedkwatar gunduma kafin Juma'a ƙarfe biyar, kuma kowa da ƙafarsa. In na gano ɗan banzan da ya yi wannan aikin, sai na aske masa rabin kai."

Kalindi ta karɓa. Ta rubuta suna, ta rubuta unguwa. A layin da aka ce dalilin ɗaukaka ƙara, biron ya tsaya.

"Rubuta ƙarya aka yi mini," in ji Parubai. "Me ya same ki, duk kin rame? Ba kya cin abinci, shi ya sa. Wannan Subhash ɗin me yake yi da kuɗinsa?"

"Sauran matan fa, Maushi? Za su je?"

"Da me? Yanzu ake saran rake. Wadda ta bar gona yini ɗaya, gobe an ba wata wurinta. Shewanta ta ce za ta je, mijinta ya ce in ta tafi kar ta dawo. Bari in koma rajista tukuna, sai in san yadda zan yi da su."

Bayan ta tafi, Kalindi ta tarar da ta bar mata gwaiba huɗu a kan turmin, na Mukta.

Ran Alhamis ta rubuta wa ofishin gunduma wasiƙa. Ta rubuta cewa ita, Kalindi Shelar, ba ta taka gida ko ɗaya ba, cewa ƙorafin duk hannu ɗaya ya rubuta su, cewa rahotonta ƙarya ne daga na farko har na ɗari da arba'in da uku. Ta jera sunayen duka, shafi huɗu. Subhash ya karanta a tsaye, da baƙin mai a hannunsa.

"Kin san korarki za su yi?"

"Na sani."

"To." Ya miƙa mata. "Ki tafi da laima, rana za a yi."

Ran Juma'a suka hau motar safe ita da Parubai. Tsohuwar ta yi ta ba fasinjoji labarin shinkafar da aka cinye, motar tana dariya. Kalindi tana rungume da jakarta. Sau biyu ta buɗe baki za ta faɗa, sau biyu ta ce bari sai an fito daga ofis, lokacin tana da abin da za ta nuna.

Sai ƙarfe uku da rabi aka kira su. Kalindi ta ce wa Parubai ta jira a benci, za ta fara shiga ta yi bayani. Jami'in, Deshmane, wanda ake ce wa Saheb, wato yallaɓai, dattijo ne mai furfura, saura wata bakwai ya yi ritaya. Ya karanta wasiƙar har ƙarshe, ya cire tabarau, ya ce wa masinja ya fita ya rufe ƙofa.

"Bai, kin san abin da kika kawo mini?"

"Gaskiya na kawo, Saheb."

"Na gani. To ji yadda za ta kasance. In na buga wa wannan hatimi, dole in tura ta sama. Sama za su kafa kwamiti. Kwamitin zai zauna bayan zaɓe, in ma ya zauna, kuma kin san su waye a ciki yanzu. Rajista za a rufe ta yau ƙarfe biyar. Ke gobe an dakatar da ke. Suna ko ɗaya ba zai dawo ba, har da na tsohuwar da nake jin muryarta a waje." Ya tura wasiƙar zuwa gabanta da yatsa biyu. "In kuma kika mayar da ita jakarki, sai in rubuta cewa malamar ta janye rahotonta a kan wannan suna, ta shaida matar. Suna ɗaya ina da ikon maidowa. Ɗaya ba wanda zai ɗaga waya a kansa."

"Sauran fa, Saheb?"

"Sauran sun zo? Ina suke? Ni abin da ke gabana nake gani."

Kalindi ta dubi agogon bango. Ta ji Parubai a waje tana tambayar masinja ko ya yi aure. Ba ta ce bari in tambaye ta ba, alhali taku biyar ne tsakaninsu. Ta ɗauki wasiƙar, ta ninke ta huɗu, ta tura can ƙasan jaka. Abin da ta kasa yafe wa kanta daga baya shi ne sanyin da ta ji ya sauka a ƙirjinta a lokacin: Maushi ta dawo, aiki yana nan, Mukta ba za ta je kan dutse ba.

A hanyar dawowa Parubai ta saya mata ruwan rake, tana ta gaya wa mutane, "'Yata ce, ta shiga minti goma ta gyara abin da maza suka ɓata."

Ranar zaɓe aka aje wa Kalindi tebur a gindin bishiyar tsamiya a ƙofar makaranta. Aikinta ta duba sunan mutum a rajista ta ba shi 'yar takarda mai lamba ya shiga. Matan Bakin Kogi sun zo tun da sassafe cikin tufafinsu na biki, da yawa ba su ma san an soke su ba. Ɗaya bayan ɗaya suna faɗin suna, tana bin layi da yatsa kamar mai nema da gaske, tana cewa, "Babu." Ba su tafi ba. Suka koma gefe suka zauna a inuwar katanga. Can tsallaken titi Rangrao yana zaune a rumfar jam'iyyarsa yana raba shayi.

Wajen ƙarfe goma Parubai ta iso. Ba ta ƙwala kira ba yau.

"Duba mini sunana, Bai."

Tunda Kalindi take, Maushi ba ta taɓa ce mata Bai ba.

"Yana nan, Maushi. Lamba ɗari huɗu da sha biyu."

"Duba na Shewanta Kamble."

"Babu."

"Na Anusaya, matar mai tukwane."

"Maushi, don Allah."

"Duba mana. Ba aikinki ba ne?" Muryarta ba ta tashi ba. "Takardar da Saheb ya ba ni, ajiye ta na yi a akwati ina murna. Shekaranjiya Shewanta ta karanta mini. An ce malamar da ta ba da rahoton farko ta janye shi a kan wannan suna kaɗai. Na ce sake karantawa. Ta sake."

"Na rubuta wasiƙa, Maushi. Na rubuta komai, sunayen duka. Saheb ya ce in na bayar, har ke ba za ki dawo ba."

"Ina wasiƙar?"

"Tana jakata."

"Tana jakarki." Parubai ta gyaɗa kai. "Ina zaune a benci, taku nawa ne? Da kin miƙo mini ita, da na kwashi matan nan mun zauna a ƙofar kotu da ita, ko da gonar rake za ta ƙone. Wataƙila mu yi nasara, wataƙila a kore mu da kulki. Amma kin tambaye ni? Kin fitar da ni ni kaɗai don ki sami barci. To wa zai zaɓe ni, bishiyar nan?"

Ta karɓi 'yar takardar ta shiga. Da ta fito, ta bi ta gaban teburin, ta ɗaga yatsarta mai tawada ba tare da ta dubi Kalindi ba, ta je ta zauna a ƙasa cikin matan da ke jikin katanga.

Da ƙuri'a sittin da ɗaya ɗan takarar 'yan Tushe ya ci mazaɓa ta tara. A zamansu na farko sabuwar majalisa ta yanke cewa daga yanzu ba za a bar jama'a su shiga sauraron zama ba, saboda ƙarancin kujeru. A zama na biyu aka kafa kwamitin duba takardun filayen Bakin Kogi. A shagon shayi manyanmu suka ce ai dama Parubai ta tsufa. Makarantar kan dutse kuwa wani malami aka tura, mai yawan tambaya a taron kwamiti. Rangrao ya aiko wa Kalindi da kwalin alewa.

Kwalin ya yi mako a kan taga ba a buɗe ba, har tururuwa suka same shi.

Ran Lahadin da ta biyo baya ta zaro wasiƙar daga ƙasan jaka. Ta kai shagon kwafi ta sa aka yi mata uku. Ɗaya ta aika wa ofishin gunduma ta gidan waya, da rasit, yadda ba mai cewa ba ta iso ba. Ɗaya ta ba Subhash ya ajiye. Ɗaya ta riƙe a hannu. Ta san zaɓe ya wuce, kujerar ta tafi shekara biyar, kuma wasiƙar ba za ta maido da ita ba. Ta ɗauki sabon littafin rubutu ta gangara Bakin Kogi da tsakar rana, hanyar da aka ba ta kwana goma ta bi.

Ba ta fara da gidan Parubai ba, don ba ta da fuskar. Ta tsaya a ƙofar Shewanta. Matar tana tsugune tana wanke tukunya da toka, ta ɗago ta dube ta, ba ta ce ta shigo ba.

"Me aka zo sokewa kuma?"

"Ba komai. Na zo ne in rubuta yadda ya kamata in rubuta tun farko. Da sunan waɗanda suka halarci aurenki, in akwai masu rai da za su shaida."

"Yanzu?"

"Yanzu."

Shewanta ta ci gaba da gurzar tukunyar har ta gama, ta ɗauraye, ta kife ta. Kalindi tana tsaye a rana da littafi a buɗe. Can matar ta goge hannu a zaninta, ta turo wata 'yar kujera da ƙafa zuwa bakin ƙofa, daga waje.

"Zauna nan. Da wane suna za ki fara, na gidan ubana ko na shinkafa?"